Gawayi da Ruwan Batir: Taƙaitaccen Tarihi

A Toukra, kudu da birnin Injamena, inda ɗaya daga cikin harabobin Jami'ar Injamena take, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Irin wannan zafi yana rage kwanan batirin waya, wani lokaci har ya kumbura shi. Raunin yana cikin ruwan batirin, wato sinadarin da lityam ke ratsawa tsakanin sandunansa biyu, kuma tarihin batirin lityam kusan duka tarihi ne na neman jituwa tsakanin wannan ruwa da sandar da ke karɓar lityam ɗin.

Batiran da Stanley Whittingham ya ƙera a shekarun 1970 da ƙarfen lityam tsantsa suke aiki, ƙarfen kuwa yakan fitar da tsiro kamar allura har batiri ya kama wuta. A 1980, a Grenoble ta Faransa, Rachid Yazami ɗan Maroko ya nuna cewa lityam na iya shiga girafayit, dangin gawayin da ke bakin fensir, ya kuma fito. Akira Yoshino ya yi samfuri da gawayin man fetur a 1985, sannan kamfanin Sony ya kai batirin kasuwa a 1991. Sai dai ruwan da ke cikinsa yana cin wuta.

Daga nan masana suka waiwayi aikin Paul Walden, wanda a 1914 ya bayyana wani gishiri da ke narkewa a digiri 12. Irin waɗannan gishirai, da ke zama ruwa ba tare da an jiƙa su ba, ba sa tururi, kuma da wuya su kama wuta. A 1992 Wilkes da Zaworotko suka samar da nau'in da iska da danshi ba sa ɓatawa. Amma girafayit bai karɓe su ba, domin manyan ƙwayoyinsu kan kutsa tsakanin shimfiɗunsa su ɓare su. Sai a 2006 Masashi Ishikawa da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa gishiri mai ɗauke da FSI yana iya aiki da girafayit ba tare da ya ɓare shi ba.

Har yanzu tsada da kauri sun hana wannan ruwa shiga wayoyin jama'a. Zafi kuwa yana sassauta kaurinsa, don haka ƙasashen Sahel suna cikin waɗanda za su fi amfana ranar da farashinsa ya sauko.