Tsutsotsin ƙarƙashin teku: Dangin tana da matsattsaku

A Daura, idan aka yi maganar halittar da ke zaune cikin ruwa, macijin rijiyar Kusugu ake fara tunawa, wanda labarin gargajiya ya ce ya hana mutanen gari ɗibar ruwa in ba ranar Juma'a ba, har Bayajidda ya zo ya kashe shi.

To amma manoma da makiyayan masarautar sun fi haɗuwa da wasu ƙananan halittu biyu: tana, wadda kan fito da damina idan ƙasa ta jiƙe, da matsattsaku, wanda kan maƙale wa mutum ko dabba a tafki yana shan jini.

Waɗannan biyun reshe ne na wani babban dangi, wanda da yawa daga cikinsa a teku suke, har a ƙarƙashin tekun Norwe, inda hasken rana ba ya kaiwa.

Dangin masu zobe

A farkon ƙarni na 19 ne wani masani Bafaranshe, Lamarck, ya raɗa wa dangin suna Annelida, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin zobe, domin jikinsu gaɓa-gaɓa ne kamar an jera zobba.

Ba kowace tsutsa ce ke cikinsu ba. Kurkunu, wanda a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, wani dangi ne dabam, don jikinsa ba shi da gaɓoɓi.

Na cikin teku kuwa, Bajamushe Adolph Grube ne ya kira su Polychaeta a 1850, wato masu gashi da yawa. An riga an bayyana nau'o'insu fiye da 10,000.

Yadda jikinsu yake

Wanda ya fara ganin irin wannan tsutsa zai iya zaton shanshani ne. Sai dai abin da ke kama da ƙafafu, wasu 'yan tsokoki ne masu kama da filafili, ɗaya a dama ɗaya a hagu na kowace gaɓa. Galibi kowanne ya rabu biyu, sama da ƙasa, kuma da su tsutsar ke rarrafe ko iyo, a wasu nau'o'in ma da su take numfashi.

Daga waɗannan tsokoki ne gashin ke tsirowa dami-dami. Ba irin gashin dabba ba ne, an yi shi ne da sinadari irin na ɓawon fara. Wani siriri ne kamar allura, wani kamar ƙugiya, wani kamar mataji, wani kuma yana da gaɓa a tsakiya. Siffar gashin na daga cikin manyan abubuwan da masana ke dubawa a madubin ƙara girma kafin su ce wannan nau'i kaza ne, kuma sau da yawa 'yan haƙoran da ke bakin ƙugiya ɗaya ne ke raba nau'i biyu da ido ba zai bambanta ba.

Tana ma tana da gashin, sai dai kaɗan ne, gajeru ƙwarai. Matsattsaku ba shi da ko ɗaya.

Kan tsutsar ya danganta da abincinta. Masu farauta na da 'yan ƙahoni na jin motsi da maƙogwaro mai muƙamuƙai, wanda sukan harbo waje su cafke abinci. Masu zama cikin bututun da suka gina da laka ko yashi kuwa, sukan baza wasu zaruruwa su tace abin da ruwa ya kawo. Jinin wasu ja ne, na wasu kore.

Cikin sanyi da duhu

A 1843 masani ɗan Birtaniya Edward Forbes ya yi hasashen cewa babu mai rai a teku idan zurfi ya wuce kimanin mita 550. Masanan Norwe na cikin waɗanda suka rushe wannan magana.

Daga 1876 zuwa 1878, jirgin ruwan bincike mai suna Voringen ya yi ta yaso laka daga ƙasan tekun Norwe, inda zurfi kan wuce mita 3,000, sanyin ruwan kuma ya ɗara na ƙanƙara, gishiri ne kawai ke hana shi daskarewa. An sami tsutsotsi masu gashi a cikin lakar.

Wanda ya rubuta bayaninsu a 1882 ba baƙo ba ne ga likitoci: Armauer Hansen ne, likitan birnin Bergen da ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873.

A 2008 masu bincike na Jami'ar Bergen suka gano wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a zurfin kimanin mita 2,300, wadda suka kira Fadar Loki. A kewayenta akwai tarin wata siririyar tsutsa, Sclerolinum contortum, wadda ba ta da baki kuma ba ta da hanji. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin jikinta ne ke sarrafa mata abinci daga sinadaran da ke fitowa daga ƙasa. A can ne kuma aka sami wani sabon nau'i, Nicomache lokii, wanda aka bayyana a 2012.

Yadda ake rarraba su

Tun a ƙarni na 19 aka kasa masu gashin gida biyu, masu yawo da masu zama wuri ɗaya. Tana da matsattsaku kuwa aka ware su, saboda wata ɗamara mai kauri da suke da ita wadda ke samar da kwanson ƙwai, da kuma kasancewar kowannensu mata-maza ne.

Binciken ƙwayoyin gado ya sauya wannan tsari. A 2011 Torsten Struck da abokan aikinsa suka wallafa sakamako a mujallar Nature, wanda ya nuna cewa rabon gida biyun nan na da tushe, amma tana da matsattsaku a cikin gidan masu zama wuri ɗaya suke. Ke nan tanar da ke gonar manomi a Daura ta fi kusa da wasu tsutsotsin bututu na teku, fiye da yadda su ɗin ke kusa da masu farautar da suke laka ɗaya da su.

Batun haƙar ma'adinai

Sanya wa tsutsa suna na iya zama kamar aikin da bai shafi kowa ba, amma a nan yana da nasaba da dukiya. A watan Janairun 2024 majalisar dokokin Norwe ta amince a buɗe kimanin murabba'in kilomita 281,000 na ƙasan teku don neman ma'adinai, filin da ya ninka jihar Katsina fiye da sau 11.

Tsutsotsi masu gashi na cikin halittun da suka fi yawa a lakar ƙasan teku, shi ya sa ake ƙirga su idan za a auna ɓarnar da wani aiki ya yi. Masana da dama sun yi gargaɗin cewa ba a gama sanin abin da ke zaune a yankin ba, balle a san abin da haƙar za ta hallaka.

A watan Disambar 2024 gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin ba da lasisin farko, bayan da wata ƙaramar jam'iyya ta gindaya hakan a matsayin sharaɗin goyon bayan kasafin kuɗi.