Faransancin da Mazaunin Arlit Yake Bukata

Mai koyon harshe bayan ya girma ba shi da lokacin ɓatawa, don haka abin da za a fara yankewa shi ne kalmomin da zai soma haddacewa. A shekarun 1950 Georges Gougenheim da abokan aikinsa sun tsara jerin kalmomin da Faransawa suka fi furtawa a hirar yau da kullum, aka gina littattafan koyarwa a kansa. Aikin yana da daraja, amma magidancin Arlit ko Akokan da ke ciniki da Hausa, yake magana da iyalinsa da Tamajak, ba don hira yake neman Faransanci ba. Yana nemansa ne saboda takardar albashi, allon gargaɗi a bakin mahaƙar yuraniyom, sakamakon gwajin asibiti da rahoton awon ruwan rijiya. Daga cikin waɗannan takardu ya kamata malamin yaƙi da jahilci ya tsamo darasinsa.

Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 ga mai karanta jarida ko littafin labari. A kan Ingilishi aka yi lissafin, amma darasin ya shafi kowane harshe: wanda ya nufi komai a lokaci guda zai shekara bai kai ba, wanda kuwa ya tsaya kan rubutu iri ɗaya zai riƙa cin karo da kalmomi ɗaya har su zauna masa. A Arlit kuma maganar ta wuce sauƙin karatu. A 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen sun gano ƙarafa masu tururin yuraniyom a kasuwar garin. Da Faransanci aka rubuta rahoton, alhali maƙerin da ke sarrafa irin wannan ƙarfe shi ya fi kowa bukatar fahimtarsa.

Za a ce wannan hanya tana ɗaure mutum ga mahaƙa, ga shi kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK ya rufe tun 31 ga Maris 2021. Ƙorafin yana da nauyi, sai dai kalmomin gama-gari suna cikin kowace takarda, har ta gwajin jini, saboda haka ba a rasa su. Sannan rufe raminsa na Akouta bai kwashe miliyoyin tan na dusar ma'adinin da aka tara kusa da Akokan ba, kuma za a daɗe ana awon iska da ruwa. Wasu za su ce tunda Nijar ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, fassara ita ce mafita. Lalle a fassara, amma mai fassarar ma sai ya san ma'aunin tururi da sunan iskar radon kafin ya iya bayyana su a rediyo da Hausa ko Tamajak.