Ƙwallon dawaki: Abin da ɗan koyo zai fara sani game da hawa

Masu horar da 'yan wasan ƙwallon dawaki, wato folo, kan ce sanda ba ta da amfani a hannun wanda bai iya zaman sirdi ba. Don haka ɗan koyo kan shafe makwanni yana hawa kawai, kafin a bar shi ya bi ƙwallo a guje.

Dalili shi ne dokar wasan ta tilasta riƙe sanda da hannun dama, ko da mutum bahago ne. Hannun hagu kaɗai ya rage wa kamazuru, sauran aikin kuwa na ƙafafu ne da nauyin jiki.

Zaman sirdi

Sirdin folo shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da dogayen ƙwacciyoyin gaba da baya irin na sirdin hawan salla, waɗanda ke tokare mahayi. Wanda ya saba da sirdin gargajiya yakan ji kamar an cire masa madogara, kuma ƙwarewarsa a hawan daba ba za ta hana shi faɗuwa ba.

A lokacin bugu, mahayi kan ɗaga daga sirdi kaɗan, ya dogara da likkafa, dugadugansa na ƙasa, ya matse doki da cinyoyi da gwiwoyi. Daga nan ne yake iya murɗa ƙugu ya sunkuya gefe ba tare da ya zame ba. Wanda bai samu wannan zama ba yakan rataya da linzami don ya tsare kansa, ya ji wa dokin ciwo a baki, har dokin ya koyi gardama.

Ana juya dokin folo ne ta hanyar jingina masa kamazuru a wuya, sai ya karkata zuwa ɗaya gefen. Tsayawa kuma daga zama take farawa: mahayi ya koma cikin sirdi, ya matse ƙafafu, sannan ya ja hannu. Fizgar linzami irin ta zamiya a gaban sarki ba ta dace da dokin da zai tsaya ya juya sau da dama cikin zango guda na minti 7 ba.

Kafin shiga fili

Ana koyon bugu a kan dokin katako, sannan a tafiyar taƙama, sai sassarfa, sukuwa ce ta ƙarshe. Da gefen kan sanda ake dukan ƙwallo, ba da bakinsa ba.

Filin wasa yadi 300 ne a tsawo, kowane ɓangare 'yan wasa 4. Babbar dokar kare rai ita ce ta layin ƙwallo: ba a gitta wa wanda ke bin hanyar da ƙwallo ta bi. An yarda a ture abokin hamayya kafaɗa da kafaɗa, amma wannan sai zama ya kankama. Hular kwano wajibi ce.

Ana auna gwanintar ɗan wasa daga maki -2 zuwa 10, iya hawa na cikin abin da ake dubawa. A Katsina, inda wasan ya kafu a shekarun 1920 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Usman Nagogo ya kai maki 7.