Harhaɗa Kanel na Linux Daidai da Furosesa: Nazari kan Tsofaffin Kwamfutoci a Garin Illela

Tsakure

Maƙalar ta duba amfanin harhaɗa kanel na musamman ga tsofaffin kwamfutocin da ake aiki da su a Illela ta Jihar Sakkwato. Matsayinta shi ne, saita kanel ga furosesa ɗaya ba ya ƙara saurin da ake zato. Ribar tana ga rage nauyi, tattalin RAM da kiyaye na'ura daga zafi.

Gabatarwa

Illela na kan iyakar Nijeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Hada-hadar kasuwa da takardun kwastan sun sa shagunan buga takardu na da aiki a garin, kuma kwamfutocinsu galibi na hannu ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi zubi na takwas. Ɓangaren Linux ma ƙofa na ƙara tsukewa: Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta zo da kanel na kwamfutocin x86 masu bit 32 ba. Kwamfutar da ke ciyar da iyali ba abin jefarwa ba ce don wani kamfani ya juya mata baya.

Kanel da yadda ake saita shi

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke raba wa shirye-shirye lokacin furosesa da gurbin RAM, shi ke magana da firinta da modem. Linus Torvalds ya fara na Linux a 1991 a Helsinki, kuma lasisin GPL ya halatta wa kowa ya gyara shi. Kanel ɗin da ake rabawa ga jama'a kamar riga ce da aka ɗinka don ta shiga kowa, ɗauke yake da dubban direbobin na'urorin da mai shago ba zai taɓa mallaka ba.

Ana fara aikin da umarnin lscpu don a san furosesan. Sai make localmodconfig, wanda ke duba direbobin da ke aiki a lokacin ya kashe sauran. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Duk abin da ba a jona ba sa'ad da aka ba da umarnin, direbansa zai tafi. Dole a jona firinta, filashi da wayar da ake jawo intanet da ita ta USB, in ba haka ba direbobi irin su usblp da rndis_host za su ɓace, shago ya wayi gari ba bugu ba intanet. Daga nan make menuconfig ke ba da damar saita zaɓukan furosesa. Tun siga ta 6.16 akwai zaɓin X86_NATIVE_CPU, amma kanel da aka harhaɗa da shi ba lallai ya tashi a wata kwamfutar ba.

Inda ribar take

Aikin buga takarda ba a cikin kanel yake cin lokaci ba, shi ya sa zaɓen furosesa ba ya sauya abu mai yawa. Abin da mai shago zai ji a jikinsa shi ne zram, wanda ya zauna daram a kanel tun siga ta 3.14 a 2014. Yana matse bayanai a cikin RAM maimakon a kwashe su zuwa faifai mai nawa, kuma ga na'ura mai gigabait biyu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Sakkwato kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Kunna cpufreq da mai sarrafa gudu irin schedutil na sa furosesa ya sassauta idan ba aiki, batirin sola ma ya ƙara jimawa. Ɗaukewar wuta kuma ita ke wajabta tsarin fayil mai rijistar canje-canje kamar ext4.

Nauyin da ke biyo baya

Wanda ya harhaɗa kanel da kansa ya ɗauki alhakin sabunta shi duk lokacin da aka toshe wata kafar tsaro. Don haka a tsaya kan sigogin LTS masu dogon tallafi, a harhaɗa a kwamfuta mai ƙarfi da make bindeb-pkg, a kai wa shaguna a filashi. Wannan aiki ne da ya dace ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su riƙe tare da masu gyara na Illela, domin su suka san irin na'urorin da ke shigowa kasuwa da inda suke lalacewa.