Daga Fitilar Kabayid Zuwa Zenon: Tarihin Hasken Da Ke Dalle Maka Ido

Idan ka taɓa bin titin Murtala Mohammed bayan isha'i, ka san abin da za mu yi magana a kai. Kana tafe lafiya, sai wata mota ta ɓullo da farin haske mai ratsin shuɗi, ta dalle maka ido, ka daina ganin komai, har mai Adaidaita Sahun da ke gabanka. Sau da yawa direban bai ma kunna babbar fitila ba. Ƙwan fitilar ne aka sauya masa, aka sa wanda ba don wannan motar aka yi shi ba. Don ka gane yadda aka zo nan, sai mun ɗan koma baya.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka a gefen Fagge, tsohon zangon ayarin raƙuma, motocin duniya da yawa da wuta ta gaske suke haska hanya. Ana ɗiga ruwa a kan kabayid, wannan dai da masu walda ke amfani da shi har yau, sai iskar gas ta fito a kunna mata ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya haɗa tayar da inji da kunna fitila a tsarin lantarki guda, daga nan ƙwan lantarki ya fara korar kabayid.

Da haske ya ƙaru sai matsala ta biyo baya: yaya za ka ga hanya ba ka makantar da mai zuwa ba? A 1924 aka fito da ƙwai mai zare biyu, ɗaya na nesa, ɗaya na kusa. A 1962 Turai ta kawo ƙwan halojin, a 1971 kuma aka sami samfurin H4, wanda har gobe za ka same shi a shagunan kayan mota na Sabon Gari. Da irin waɗannan ƙwayaye Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta yi zamaninta.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Ƙaramar fitila ba ta watsa haske daidai-wa-daida. An tsara ta ne ta ɗaga a gefen bakin titi, ta sunkuya a gefen mai zuwa. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, fitilar da aka yi wa titunan Ingila ko Japan ta zama mai jefa haskenta kai tsaye a fuskar wanda kuke haɗuwa. Wato tun can asali, siffar haske ta fi yawansa muhimmanci.

A 1991 BMW ta sa wa motarta 7 Series sabuwar fitila, HID, wadda aka fi sani da zenon. Ita ba ta da zare ko ɗaya. A cikin ɗan ƙaramin gilashi akwai ƙarafa biyu da ɗan tazara a tsakani, da iskar zenon da wasu gishirin ƙarfe. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin ƙarafan, kamar walƙiya da aka kama aka hana ta ɗaukewa. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, amma tayar da wannan walƙiya na buƙatar sama da bolt 20,000. Shi ya sa kowane ƙwai ke zuwa da ɗan akwatinsa, balas, wanda ke ɗaga wutar da farko, sannan ya riƙe ta a wajen bolt 85. Ribar a fili take: wat 35 na zenon na ba da haske kusan luman 3,200, alhali wat 55 na H4 a ƙaramar fitila bai wuce kusan 1,000 ba.

Motocin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano su suka nuna wa mutane wannan haske, daga baya kuma kayan haɗi masu araha suka cika kasuwa. Kowa ya ga ai ba sai ya sayi babbar mota ba: a cire halojin, a soka zenon, mai wayarin ya haɗa, shi ke nan. To, a nan gizo ke saƙa.

Kwanon fitila madubi ne da aka lanƙwasa daidai da wurin da zaren halojin yake zaune. Walƙiyar zenon kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce, zafi na sa ta ɗan yi baka zuwa sama, kuma ta fi haske a bakunanta biyu. Ka sa ta a kwanon halojin, layin da ya kamata haske ya tsaya a kai sai ya wargaje, haske ninki uku ya fantsama sama. Kai a ciki za ka ga gabanka fes, ka ɗauka ka ci riba. Amma hasken da ya yi yawa a kusa yana tsuke maka ƙwayar ido, ka rage hangen nesa. Idan hazon hunturu ya sauka kuwa, ƙurar ce za ta dawo maka da hasken a fuska. Kada lambar 8000K da ke jikin kwali ta ruɗe ka, launi take nunawa. Zenon na asali wajen 4,300K yake, kuma yawan shuɗi raguwar haske ne.

Yanzu ɗan yi lissafi. Mai gudun kilomita 100 a awa a hanyar Zariya yana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Idan ka ɗauke masa gani na daƙiƙa 3, ya yi sama da mita 80 a makance, kuma wajenka ya nufo. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta ce ƙaramar fitilar da ta haura luman 2,000 sai da abin wanke gilashinta, motocin da aka ƙera da zenon kuma da na'urar daidaita tsayin haske suke zuwa. Birtaniya ma tana kayar da motar da aka cusa wa zenon a fitilar halojin wajen gwajin shekara-shekara.

Wayarin ɗin ma yana da nasa sharaɗin. Zenon na zuƙar wuta da yawa a daƙiƙun farko, don haka ana janyo ta ne daga batir ta hanyar rile, da fiyus kusa da batir, makunnin mota kuma ya zama mai ba da umarni kawai. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, a kusa da inji mai zafi, gobara take jira. Fitilun ƙari na doguwar hanya kuwa a haɗa su da babbar fitila, yadda kana sauke ta za su mutu tare. Kuma zenon na ɗaukar daƙiƙu kafin ya cika haske, ba ya son yawan ƙyafta shi.

Yau ƙwan LED na ture zenon a kasuwa, amma kuskuren bai sauya ba, har yanzu sabon ƙwai ake sokawa a tsohon kwano. Kafin ka miƙa wa mai wayarin kuɗi, gwada wannan: da dare, tsayar da mota a fili mai shimfiɗa, taku goma daga bango, ka kunna ƙaramar fitila. Idan ka ga layi a yanke, ƙasa da tsayin fitilar, ka dace. Idan haske ya haye bango ba iyaka, abin da mai zuwa ke gani ke nan. Wani lokaci goge gilashin da ya dushe da saita fitila ya ishe ka.