Janye kaya masu haɗari daga kasuwa: abin da mai sayen gwanjo ya kamata ya sani

Idan aka gano cewa wani kayan amfanin gida na iya haddasa gobara, rauni ko mutuwa, kamfanin da ya ƙera shi kan janye shi, ko dai bisa raɗin kansa ko bisa umarnin hukuma. A Faransanci ana bambanta matakai biyu. "Retrait" shi ne kwashe kayan daga shaguna. "Rappel" kuwa kira ne ga waɗanda suka riga suka saya, su daina amfani da shi, a mayar musu da kuɗinsu, a gyara ko a musanya.

Su wa ke sa ido

A Amurka, hukumar CPSC da aka kafa a 1972 ce ke kula da lafiyar kayan masarufi. Tarayyar Turai na da tsarin gargaɗin gaggawa mai suna Safety Gate, wanda a da ake kira RAPEX, yana fitar da jerin kaya masu haɗari kowane mako. Faransa ta buɗe shafin RappelConso a watan Afrilun 2021, inda ake wallafa hoto, suna da lambar kayan da aka janye. A yankinmu akwai hukumomin ingancin kaya irin su ANOR a Kamaru, GSA a Ghana da SON a Najeriya.

Wasu fitattun misalai

A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyin tufafi kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan sun rufta wa ƙananan yara har wasu suka rasu. A wannan shekarar ce kuma Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 saboda batirinta na kamawa da wuta, daga baya ya daina ƙera ta. A watan Yunin 2025 Anker ya janye batiran cajin waya fiye da miliyan ɗaya, samfurin PowerCore 10000 mai lamba A1263, saboda fargabar gobara.

Labarin gadon jarirai na Rock 'n Play, na kamfanin Fisher-Price, ya nuna inda gizo ke saƙar. An janye guda miliyan 4.7 a watan Afrilun 2019, bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30. Amma a Janairun 2023 sai da aka sake shelanta janyewar, don adadin ya kai kusan 100, ciki har da aƙalla takwas da suka rasu bayan sanarwar farko. Kayan na nan a gidajen mutane, ana ci gaba da amfani da su.

Ina ruwanmu

Firji, injin wanki, dutsen guga da kayan wasan yara na hannu suna shigowa daga Turai da Amurka ta tashoshin Duwala, Kwatano, Lome da Tema, su ratsa har kasuwannin Garwa, Njamena, Maraɗi da Kumasi. Kayan na ƙetare teku, sanarwar janye su kuwa tana tsayawa a ƙasar da aka fara sayar da su. Kamfani na tuntuɓar mai saye na farko ne, bai san da na biyu ko na uku ba. Sau da yawa ɗan kasuwar ma bai sani ba.

Yadda za a kiyaye

A duba takardar da ke manne a baya ko ƙarƙashin kaya, a rubuta sunan kamfani da lambar samfuri, a bincika su a RappelConso ko Safety Gate ta wayar hannu. Kayan da aka kankare wa wannan takarda, a bar shi.

Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, a daina caja shi, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙone. Durowa mai tsayi a ɗaure ta da bango. Jariri kuma a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa madaidaiciya, ba a gado mai gangara ba.

Wanda ya gano kayansa na cikin jerin, ya tuntuɓi wakilin kamfanin idan akwai, ya kuma sanar da mai shagon don kada saura su shiga wasu gidajen. Kada ya sayar da shi, kada ya yi kyauta da shi.