Jan-baki da ƙungiyar da muka manta

Duk shekara labarin ɗaya ne: jan-baki ya sauka a Jigawa ko Yobe, manoma na kuka, ana jiran jirgin feshi. Mu nan Bici ma, wanda ya taɓa tsaron gero da gwangwani da majajjawa tun asuba ya san zafin abin. Ni na yi, har muryata ta dushe.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ashe tuni an yi masu zaman nazarin halin tsuntsayen ƙasar nan, har da ƙungiyarsu. A 1964 aka kafa Nigerian Ornithologists' Society. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Farfesa John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Robert Sharland, Bature mazaunin Kano mai sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa don a gane inda suke zuwa. Hilary Fry na ABU Zariya ya riƙe mujallarsu. Shi ne ya yi shekaru yana sa ido kan wani tsuntsu mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, ya nuna yadda waɗanda ba su da 'ya'ya ke taya 'yan'uwansu ciyarwa. Zumunci ke nan fa!

A zamanin ne kuma Peter Ward ya bi jan-baki a yankin Tafkin Chadi, ya wallafa bincikensa a 1965. Ya tarar cewa asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Da ruwan farko ya sauka, ƙwayar ta tsiro, sai abinci ya yanke, garken ya tashi zuwa inda damina ta riga ta yi nisa, daga baya ya juyo. Wato zuwansa yana da lissafi, kuma mai lissafin zai iya hango shi kafin gero ya yi ido.

Ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mujallarta Malimbus ta fara fita a 1979. A ciki aka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981.

Na tambayi ƙanena da ya karanta ilimin dabbobi a jami'a ko ya taɓa jin sunanta, ya ce wallahi yau ya fara ji. Shi kuwa bana ma 'ya'yansa ne a bakin gonar da gwangwani.